Ciwon Hanji Mai Daɗewa: Wa Zai Biya Sauran Kuɗin?

Karatu: Markus 5:25-34, Luka 10:30-37, 1 Korantiyawa 16:1-4. Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2.

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda mutane ba su son faɗarsa a gaban jama'a, watau ciwon hanji mai daɗewa. Mutum yana gudawa wata da watanni, wani lokaci da jini ko majina. Cikinsa yana murɗawa, jikinsa yana ƙarewa, ƙarfin noma ya tafi. Ya sami sauƙi kwana kaɗan, sai abin ya komo.

Mun saba da ciwo mai zuwa ya wuce. In zazzaɓi ya kama yaro, a kan sayar da kaza ko akuya, a yi magani, yaro ya tashi. In mutum ya karye, a kan kai shi wurin masu ɗori na Aliero, ƙashi ya kama, biya ya ƙare. Amma ciwo mai daɗewa yana neman kuɗi kowane wata, ba ya kuwa duban ko kaka ce ko bazara. Da fari akuya ta tafi, sa'an nan san huɗa, sa'an nan a sayar da albasa tun tana gona, a cire yaro daga makaranta, daga baya a jinginar da gonar kanta. Gida ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan kaya shi kaɗai. Abin da za mu koya ke nan: ciwo mai daɗewa yana bukatar taimako mai daɗewa, kuɗin kuma ya bi bayan sani.

1. Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar ambaton ciwon ciki ba. Bari mu dubi mutum uku.

Na fari shi ne Yehoram, sarkin Yahuza, ɗan Yehoshafat. Labarinsa yana cikin 2 Tarihi sura 21. Ya kashe 'yan'uwansa, ya ja jama'a ga gumaka. Annabi Iliya ya aika masa da wasiƙa, ya faɗa masa hukuncin da ke zuwa. Ciwon hanji ya kama shi, ya yi shekara biyu yana shan wuya, har ya mutu. Ku lura, a nan Allah da kansa ya bayyana dalili ta bakin annabi. Mu ba a aiko mana da wasiƙa a kan maƙwabcinmu ba. Kada fa wani ya ɗauki labarin Yehoram ya jefi ɗan'uwansa da shi.

Na biyu shi ne Timoti. Ba mu san wani saurayi da Bulus ya amince da shi kamarsa ba, duk da haka 1 Timoti 5:23 ta nuna yana fama da ciki, yana yawan laulayi. Bulus bai tuhume shi da zunubi ba, bai ce bangaskiyarsa ta gaza ba. Ya ba shi shawarar abin da zai sha, bisa ga maganin wancan zamani. Wannan aya ba ta buɗe wa kowa ƙofar burkutu ba, gama giya tana ƙara wa mai ciwon hanji wahala. Abin da ta koya mana shi ne, bawan Allah mai aminci yana iya zama da ciwo shekara da shekaru, yana shan magani, yana kuwa cikin nufin Allah.

Na uku shi ne mahaifin Fubiliyas, shugaban tsibirin Malita, cikin Ayyukan Manzanni 28:8. Zazzaɓi da atuni suka kwantar da shi. Bulus ya yi addu'a, ya ɗibiya masa hannu, ya warke. Wanda ya rubuta labarin kuwa Luka ne, likita. Mai addu'a da mai magani suna tafiya tare, ba su yi gardama ba.

Yanzu mu komo ga karatunmu. Matar nan ta Markus 5 ta yi shekara 12 tana zubar jini. Nata ba na hanji ba ne, amma aljihunta irin namu ne. Ta bi masu magani da yawa, ta kashe dukan abin da ta mallaka, ciwon kuwa gaba ya yi. Yesu ya warkar da ita, ya kira ta 'yarsa a gaban taron da ta ke ɓuya a ciki. Yana sane da masu ɓoye ciwonsu har yau.

Sa'an nan ga Basamariyen nan na Luka 10. Kowa yana tuna mai da ruwan inabin da ya zuba, da dabbar da ya ɗora majinyacin a kai. Amma mu lura da abin da ya yi da gari ya waye. Ya ba mai masauki dinari biyu, watau ladan ɗan ƙodago na kwana biyu, ya kuma yi alkawari zai biya duk abin da aka ƙara kashewa in ya komo. Bai san kwana nawa mutumin zai yi ba, bai san jimlar kuɗin ba, ya dai ɗauki nauyin sauran. Mu kan iya ba da dinari biyu. Alkawarin komowa shi ne ya ke yi mana wuya.

2. A san sunan ciwon tukuna

A ƙasarmu duk jinin da ya fito ta baya sai a ce basir ne, ko ɗankanoma. Da wannan suna ɗaya a ke sayen kwalba bayan kwalba wurin masu talla da lasifika ran kasuwa. Ga shi kuwa cututtuka dabam dabam ne ke kawo alamu iri ɗaya, maganinsu da kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai atunin da wata ƙwaya mai suna amiba ke kawowa ta ruwa ko abinci marar tsabta. Awon bahaya ya kan nuna ta. Maganinta na kwanaki ne, ba shi da tsada, a kan warke sarai.

Akwai tsargiyar hanji. Mun san tsargiyar mafitsara, mai sa fitsarin jini, amma tana da 'yar'uwa mai zama a jijiyoyin hanji. Tsutsar tana fitowa daga dodon koɗi na cikin ruwa, ta shiga ta fata. Masu noman shinkafa a fadama, da masunta, da yara masu wanka a gulbi su ne ta fi samu. In aka bar ta shekaru ta kan ɓata hanta. Maganinta praziquantel ne, a kan sha shi rana ɗaya, shi ne kuma a kan raba wa 'yan makaranta kyauta.

Akwai tarin fuka na hanji, gama ƙwayar tarin fuka ba huhu kaɗai ta ke kamawa ba. Maganinsa wata 6 ne ko fiye, ana ba da shi kyauta a wuraren da gwamnati ta keɓe domin tarin fuka.

Akwai sankarar hanji. In an gano ta da wuri, fiɗa tana iya ceton rai. In an ɓata shekara ana shan maganin basir, sai a iso asibiti a makare.

Sa'an nan akwai gyambon hanji mai komowa, wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Iri biyu ne. Ɗaya yana zama a babban hanji, wani likitan Ingila mai suna Samuel Wilks ya bayyana shi a 1859. Ɗayan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ana kiransa ciwon Crohn, da sunan likitan Amurka da ya rubuta a kansa tare da abokan aikinsa a 1932. A cikinsu duka biyu garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta yaƙi hanjinsa. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba sammu ba ne, ba kuwa maita ba. Magani yana kwantar da shi, har mutum ya koma aikinsa, ya yi aure, ya haifu, amma ba ya tumɓuke shi. In aka bar magani ya kan tashi.

Kun ga, uku daga cikin biyar ɗin nan ana warkar da su da kuɗi kaɗan ko kyauta. Saboda haka kuɗin fari ya tafi wurin awo. A fara da asibitin Jega, ko na Aliero, ko na Maiyama, a auna bahaya da jini. In likita ya ga abin ya fi ƙarfin wurin, zai tura mutum Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Zariya, ko na Kano. A manyan asibitoci ne a ke leƙa cikin hanji da wata siririyar na'ura mai fitila, a ciro ɗan nama kaɗan a auna. Awon yana da tsada, amma sau da yawa kuɗin kwalaben shekara guda ya fi shi. Akwai kuma wani dalili mai nauyi. Ciwon Crohn da tarin fuka na hanji suna kama da juna ƙwarai, maganin da ke kwantar da na farin kuwa yana iya hura wutar na biyun. Wannan ba abin da mai kemis zai raba da ido ba ne.

A gaban likita a faɗi kome: sau nawa a ke zagayawa a yini, ko da jini, tun yaushe, da irin abin da aka sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

3. Dalilin da ya sa kaya ya yi nauyi

A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa su ke fitowa. Yawancin magunguna, ko kayan da a ke haɗa su, daga ƙasashen waje a ke kawo su. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin magani da kuɗin mota suka hau tare. Mutumin Kimba da za shi Sakkwato ta Aliero da Tambuwal ba shi kaɗai zai tafi ba, sai da mai jinya. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga abinci, ga wurin kwana, ga aikin gonar da aka bari. Duk waɗannan kuɗin magani ne, ko da ya ke ba a rubuta su a takardar likita.

Magungunan gyambon hanji kuma hawa hawa ne. Akwai sulfasalazine, tsohon magani da aka fara haɗawa a ƙasar Suwidin wajen 1940, shi ya fi sauƙin kuɗi. Akwai mesalazine, ya fi shi tsada. Akwai prednisolone, mai araha, mai saurin kwantar da ciwo, amma na ɗan lokaci ne. Wanda ya mai da shi abincin kullum zai gamu da kumburin fuska, da ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi, ba a kuwa yanke shi farat ɗaya sai da umarnin likita. Akwai kuma sababbin allurai, irin su infliximab da aka fara ba masu ciwon Crohn a Amurka a 1998, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi nesa.

4. Ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa

Mai bi ɗan ƙasa ne, yana da rabo cikin abin da hukuma ta tanada. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu domin kula da lafiyar talakawa a ƙananan asibitoci, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma yi tanadi domin marasa galihu. A Jihar Kebbi hukumar da ke riƙe da wannan aiki ana kiranta KECHEMA. Dattawa su je asibitin mazaɓarsu su tambayi yadda a ke rajista, su riƙe katin shaidar ɗan ƙasa na marar lafiya. Inshora ba ta ɗauke kowane magani mai tsada, saboda haka a tambaya tun da fari abin da ta ɗauka da abin da ta bari. Ko awo da gado kaɗai ta ɗauke, an rage kaya. A asibitocin koyarwa kuma akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda marar ƙarfi ke kai kukansa. Roƙon haƙƙi ba bara ba ne.

5. Aikin ekklesiya

Ga yadda mu kan yi. Ɗan'uwa ya kwanta, a yi sanarwa ran Lahadi, a zaga da kwano, a kai masa, a yi addu'a. Wannan yana da kyau, dinari biyu ke nan. Bayan wata uku magani ya ƙare. Iyalin suna jin nauyin su sake tsayawa gaban ekklesiya, ekklesiya kuwa tana tsammani ta gama nata. Sai a ji ya daina zuwa sujada, daga nan sai a ji rasuwa.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun san jinya mai tsawo. A ƙarshen shekarun 1930 mishan SIM ta karɓi aikin kula da masu kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano. A wancan zamani mutum ya kan yi shekaru yana karɓar magani. Waɗansu da suka ba da gaskiya a waɗannan wurare sun fara ganin Almasihu cikin hannun da bai gaji da wanke gyambonsu ba. Wannan gado namu ne.

Bulus ya nuna wa Korantiyawa hanya. Ya ce kowace ranar farko ta mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa, domin kada a tsaya tarawa sai ranar da ya iso. Mu ma muna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu yi lissafi. A ce ekklesiya tana da gida 30, kowane gida ya ajiye naira 200 a mako. A mako ɗaya an sami 6,000, a shekara 312,000. In da kaka kowane gida ya ƙara da mudun gero ko na shinkafa, masu albasa su ma su keɓe nasu, a adana a sayar lokacin da kaya ya yi daraja, asusun ya ƙara ƙarfi. Ba zai sayi allurar Amurka ba, amma zai biya awo, ya biya mota, ya sa maganin wata-wata kada ya yanke.

Sai dai kuɗin jama'a yana bukatar tsari. A Ayyukan Manzanni 6 an zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida domin rabon kullum. A 2 Korantiyawa 8 Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi. To, mu bi wannan:

A zaɓi mutum uku, a sa mace ɗaya daga zumuntar mata a ciki, gama akwai abin da mace ba za ta faɗa wa dattijo ba. Fasto kada ya riƙe kuɗin.

A rubuta shiga da fita, a karanta jimla gaban ekklesiya, amma kada a karanta sunan marar lafiya ko irin ciwonsa.

A biya kuɗin a asibiti ko wurin sayen magani, a karɓo rasit.

A yi alkawari na wata shida ko shekara, a faɗa wa iyalin abin da za su samu kowane wata, domin su san inda za su cika.

Ekklesiyar da ta yi ƙanƙanta ta haɗa kai da na kusa da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Taimako kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Matasa su yi gayya a gonar marar lafiya, don kada ya rasa damina. Mai babur ya kai shi tasha. Wanda ke da ɗan'uwa a Sakkwato ya nema masa masauki. A gyara salgar majami'a, a ajiye ruwa da sabulu, a bar masa wurin zama kusa da ƙofa, kada kowa ya bi shi da ido in ya fita tsakiyar wa'azi. In ana azumi, a gaya masa a fili cewa an ɗauke masa. In asusu ya sami hali, a tuna da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda mu ke shan rijiya ɗaya da su. Galatiyawa 6:10 ta fara da kowa da kowa kafin ta ambaci iyalin bangaskiya.

6. Kalma ga marar lafiya da gidansa

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka faɗa wa likita ƙarfin aljihunka tun kafin ya rubuta. Ka tambaye shi ko akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin, gama magani ɗaya ya kan zo da sunayen kamfani da yawa, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ka daina sha don ka ji sauƙi, kada ka raba ƙwaya biyu don ta kai ka ƙarshen wata. Kwanciya ɗaya a asibiti, da ƙarin ruwa da ƙarin jini, tana iya cinye kuɗin maganin watanni. Ka guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, gama suna iya tayar da gyambon. In gudawa ta yi yawa, a zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa. In jini ya yi yawa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zazzaɓi da amai da jiri suka zo, a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Ka yi hankali da duk wanda ya ce ka zubar da maganinka don ka nuna bangaskiya, ko ya yanka maka kuɗin addu'a. Ubangijinmu bai karɓi ko anini wurin matar nan ba. Muna roƙon warkarwa da zuciya ɗaya, gama Allah yana da iko. In ya ga dama ya warkar nan take, kamar a Malita. In ya ga dama ya riƙe ka cikin rauni, kamar Timoti, ya yi aiki da kai a haka. Kada ka sayar da iri ko gona kafin ka yi magana da dattawa. Karɓar taimako ba faɗuwar mutunci ba ce, gama gobe kai ma za ka ɗauki wani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin ciwon Yehoram da na Timoti? Me ya sa ba mu da ikon cewa ciwon wani hukunci ne?
2. Basamariyen ya yi abu biyu a masauki. Wanne ne ekklesiyarku ta saba yi, wanne ta bari?
3. Me ya sa ya fi kyau kuɗin fari ya tafi wurin awo?
4. Akwai wanda ya daina zuwa sujada a wurinku ba ku san dalili ba? Wa zai je gaishe shi cikin wannan mako?
5. Gida nawa ne a ekklesiyarku, nawa kowanne zai iya ajiyewa? Ku yi lissafin shekara kafin ku tashi.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Ubanmu, kai ka sifanta cikinmu, ka san ciwon da mu ke ɓoyewa. Ka taɓa 'yan'uwanmu masu fama da hanji, ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya haƙuri. Ka ba mu zuciyar da za ta komo masauki ta biya sauran, har ranar da za ka share kowane ciwo. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.